Ta Ina Ake Miƙa Wuta?

Wai ku ba kwa gajiya ne? Tun ranar da na dawo, in na je rijiya, "Saude, yaya Dungas?" In na je niƙa, "Saude, da gaske kin taka Najeriya?" To yau ga gyaɗa buhu guda a gabanmu, ku yi ta ɓara ina ba ku labari. Hannun da ya tsaya, bakina ma ya tsaya. Kuma tun da ga baƙuwarmu, ƙanwar Talatu, ba ta san komai ba, sai ku yi haƙuri in faro daga tushe.

Ke baƙuwa, unguwarmu ta da a cikin kwari take, nan karkarar Bande. Daminar da ta wuce ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, gidajenmu na ƙasa suka sha suka ƙoshi, suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Muka kwashi abin da ya kwasu muka kafa bukkokin zana a filin lakwal, makarantar bokon yara. Sai meri, wato hukumar gari, ta ce za ta yanka mana filaye a kan tudu, gabas da gari, a ba masu ƙaramin ƙarfi, har a taimaka da kwanon rufi. Konseyenmu, wakilinmu a meri, Malam Isufu, ya ce da ƙuri'a za a raba don kada a ce an yi son kai. Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai ban ce ba.

Dalili kuwa Iya Gambo. Tun ranar da aka kawo ni garin nan katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma a jikin katangar akwai ƴar kafa daidai shigar kwano. Ta nan take miƙo min garwashi a sakaina in wutata ta mutu, ta nan nake miƙa mata gishiri. Ɗana na fari ma ta nan na taɓa tura mata shi yana jariri, ranar da miyata ke ƙonewa. Da idonta ya tafi, sai abin ya juya: ni ke miƙa wuta, ni ke miƙa tuwo, ita kuma da ƙarar taɓaryata take sanin hantsi ya yi. Ɗanta ɗaya, Lawali, yana Damagaram. Da ya ji zancen ƙuri'a ya zo ya faɗa ƙarara, in rabo ya jefa uwarsa nesa da ni, zai ɗauke ta kafin wata damina. Ban ga laifinsa ba. Amma ɗaki ɗaya yake haya, shi da matarsa duk wuni suna kasuwa. Iya ta ce min, "Can famfo ne kawai zai riƙa yi min magana."

Ana nan sai meri ta ce a tura mutane su gano yadda wasu garuruwa suka yi nasu rabon. Aka ɗauki Malam Isufu, da Haruna magini, aka ce kuma a sa mace ɗaya. Ku kuka tura ni, wai bakina ba ya ciwo. Da na je yi wa Iya sallama ta laluba ta kama bakin zanena.

"Saude, aron idonki nake so."

"Ga shi, Iya, duka biyun."

"In kin shiga sabbin gidajen nan, ki duba min abu ɗaya. Ta ina ake miƙa wuta?"

Na yi dariya, amma da na hau amalanken da zai kai mu bakin kwalta, hawaye ne ya riga ni zama.

Kun san ni da mota. Da ta fara gudu idona ya fara lumshewa, gonaki suna wucewa an gama girbi, dammunan gero a tsaitsaye, gawo ya fara fitar da ganye. Na ga wai gidajenmu da suka faɗi sun tashi suna bin motar a guje, gidan Talatu na gaba da guntun zaurensa. Haruna ne ya tashe ni da salati. Kwalbar man gyaɗar da na ɗauko tsaraba ta buɗe a cikin jaka, ta tsiyaye tsaf a kan babbar rigar Malam Isufu. Bawan Allah ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Ba komai, Saude, aƙalla duk inda muka shiga za a san daga garin arziki muka fito." Har muka dawo ƙudaje ba su bar shi ba.

A tashar Magariya muka ci shinkafa da wake, muka sayi rake. Matan can akwai kwalliya, mai sayar da abinci ma da jan baki take zuba miya. Na tambaye ta hanyar Dungas, ta ce min, "Yaya, ki ɗaure cikinki da ɗankwali." Na ɗauka tsiya take. Ashe gaskiya ta faɗa min, don motar da muka shiga tun daga tasha take tari, kuma ramin da duk ta gani sai ta gaishe shi. A wani shinge jandarma ya karɓi takardunmu, ya shinshina iska, ya ce wa ke da ƙuli-ƙuli a motar nan. Malam Isufu ya sunkuyar da kai. Na ciro na gaske daga ƙullin zanena na ba shi, ya sa mana albarka.

Kafin mu kai Dungas muka sauka a wani gari da ruwa ya yi wa irin tamu shekarun baya. Aka kai mu sabuwar unguwarsu. Jama'a, abin kyau! Gidaje a jere sambal, bulo da siminti, kwano yana ɗaukar ido, ga hanya mai faɗi har amalanke biyu sa gifta. Haruna ya rikice, sai ƙwanƙwasa bango yake da ɗan yatsa yana cewa "kai, kai, kai." Malam Isufu yana ta tambayar yadda aka yi magudanar ruwa. Ni kuwa na yi sallama na faɗa wani gida.

Matar gidan, Rakiya, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Tsakar gidanta fes, ba ɗigon yoyo a ɗaki, ta ce tun da suka shigo ba ta ƙara kwana da fargabar hadari ba. Na taya ta murna har zuciyata, don na san abin da take nufi. Sannan na tashi na bi katangar da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sumul, ko kafar ɓera babu.

"Ƙanwata, in wutarki ta mutu, ta ina ake miƙo miki?"

Ta yi ƴar dariya ta nuna min kwalin ashana a kan taga.

"Wace ce a bayan katangar nan?"

"Wata ce daga unguwar mahauta. Mutuniyar kirki ce, muna gaisawa."

"Ta da ɗin fa?"

Sai ta shiga gyara bakin tabarma. Ta ce maƙwabciyarta ta da, wadda ta yi mata wankan jego, ƙuri'a ta kai ta can ƙarshen layi, wajen makabarta. Da farko kullum suna zuwa wa juna, daga baya sai ranar Juma'a, yanzu sai suna ko rasuwa. Ta ce, "Wani lokaci in na dafa abu mai daɗi sai in ga na zuba a kwano biyu. Sai in tsaya da ɗayan a hannu."  Na fito ban iya yi wa su Malam Isufu bayanin komai ba.

A Dungas gidan wata ƴar'uwar Malam Isufu muka sauka, Hajiya Balki. Ta karɓe ni kamar ta san ni. Tuwon dawa ta yi da miyar kuka, amma su can daddawa suke zubawa kamar ba da kuɗi ake saye ba, ga yaji har sai da na yi ta sharce hanci. Ta ce min haka ake ci a nan, mu mutanen Bande bakinmu na jarirai ne. Na ce a'a, mu dai muna son mu san abin da muke ci. Muka yi ta yi har aka kira isha'i. Kuma garin nan kabu-kabu ya fi jaki yawa, tsohuwa ma in za ta gidan suna sai ta ɗare bayan babur tana riƙe da ƙwarya.

Washegari aka kai mu wani fili a bayan gari inda aka yanka amma ba a fara gini ba. Ba komai sai yashi fari da ƴan duwatsun siminti da aka kafa alamar iyaka, ga giginyu can nesa suna rawa a cikin zafin rana. Muna tafe Malam Isufu yana auna faɗin hanya, sai muka ji tsawa.

"Kai mai rigar mai! Haka ake yi a garinku? Ka ratso min ta bango?"

Wani tsoho ne zaune a kan buzu a tsakiyar fili, da buta a gefensa. Muka duba, ashe ya zana gidansa kaf da toka a kan yashi. Ya sa muka koma baya, muka zagayo ta inda ya bar ƙofa, muka yi sallama, ya amsa, sannan ya ce mu shigo zaure. Muka tuɓe takalma, don Allah ya sani ba mu da zaɓi. Ya zagaya da mu: nan ɗakin tsohuwarsa, nan rumbu, nan turken akuya, nan kuma ɗan dogon yaro da ya dasa yana ba shi ruwa da buta. Ya ce ba shi da abin gini tukuna, amma kullum yana zuwa ya wuni don gidan ya saba da shi. Haruna ya juya baya yana danne dariya. Ni kuwa, ku yarda ko kada ku yarda, da na zauna a zauren nan na ji inuwa.

Na tambaye shi, "Baba, wa ke nan gefenka?"

Ya ce bai sani ba, mai filin bai taɓa zuwa ba. Amma ya nuna min wani wuri a layin tokar inda ya share da tafin hannu, ɗan taƙi ɗaya. Ya ce, "Na dai bar masa nan, ko da hali."

Daga nan aka ce akwai wani ƙauye kudu da Dungas da suka yi gini mai araha da tubalin ƙasa, Haruna ya nace sai ya gani. Muka hau kabu-kabu. Ni da ban taɓa hawa babur ya yi nisa da ni ba, na rufe ido na riƙe rigar mai tuƙi ina karanto duk abin da na haddace. Hanyoyin yashi ne sun rarrabu kamar jijiyar ganye, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu. Muka tsaya wajen wani mai shayi mu yi tambaya. Hausarsa irin tamu, fuskarsa irin tamu, har ya yi kama da mijin Talatu. Sai da muka sha muka miƙa dala, kuɗin ƙasarmu, ya ce shi naira yake karɓa. Malam Isufu ya zabura ya ce, "Ina ne nan?" Mutumin ya ce, "Najeriya mana. Kun baro iyaka tun wajen kukar can." Na waiga na dubi kukar. Akuya ce kwance a gindinta, rabinta a ƙasarmu rabinta a tasu, tana tuƙa abinta. To masu tambaya, kun ji: na taka Najeriya, na sha shayi, na dawo. Ƙauyen tubalin kuwa har yau Haruna bai gan shi ba.

A hanyar komowa muka biya ta wajen Guci, kuma a nan ƙaya ta fasa tayar babur ɗin da nake kai. Maza suka tsaya faci. Ni na hango bukkoki a cikin wata gona da aka girbe, na ce bari in nemi ruwa. Makiyaya ne masu noma, sun sauka da shanunsu suna ba gonar taki. Uwar gidan, Inna Hure, doguwa siririya, ta dama min fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. La'asar ta yi sanyi, shanu suna dawowa, ƙurarsu ta yi ja a cikin rana, ni kuma gajiya ta sa komai nake gani kamar a mafarki.

Sai na ga ta tashi ta nufi wata doguwar igiya da aka ɗaure tsakanin turaku biyu, da ƴan madaukai a jikinta. Dangwali ke nan, inda suke ɗaure maruƙa. Ba ta kira ba, ba ta kora ba. Maruƙan da kansu suka zo, kowane ya tsaya a gurbinsa, babba a wannan kai, ƙarami a wancan, tana bi tana sa musu madauki.

Na ce, "Inna, in kun tashi daga nan fa? Ba sa rikicewa a sabon wuri?"

Ta ce, "Don me? Igiyar muke naɗewa mu tafi da ita. Inda muka shimfiɗa, kowa ya san wa ke damansa, wa ke hagunsa." Ta nuna bukkokin da haɓa. "Mu ma haka. Waccan ta kishiyar uwata ce, tun ina yarinya tana arewa da mu. Mun sauka a wurare da yawa, ban taɓa farkawa na gan ta a kudu ba."

Na zauna da ƙwaryar fura a cinya ina kallon maruƙan nan har aka zo kirana. A kan babur ban ƙara rufe ido ba.

Da muka iso gida ban ko wanke ƙafa ba na shiga bukkar Iya Gambo. Ta ce, "To, idona, me kika gano?" Na ce gidaje masu kyau, Iya, ba yoyo. Ta ce, "Wutar fa?" Na ce ashana. Sai ta ce in miƙo mata ƙullin kayanta ta fara shiri. Na ce ba inda za ki, ki ba ni kwana kaɗan.

Ranar da aka taru a meri don jin bayaninmu, Haruna ya yi nasa na bulo, Malam Isufu ya yi na magudana. Da aka zo kaina na ba su labarin Rakiya da kwanonta biyu, na ba su na dangwali. Na ce ba ƙuri'a nake ƙi ba, a yi ta, gaskiya ce. Amma a bar wanda ke da maƙwabcin da ba ya iya rabuwa da shi su ɗaure alamarsu wuri ɗaya, in ta fito su fito tare. Aka yi ta muhawara. Wani ya ce masu wayo za su haɗa kai su cinye gefen hanya. Malam Isufu ya ce ai ba wanda ya san inda ɗaurin zai faɗa, gefen hanya ko bayan gari. Daga ƙarshe aka yarda: mutum biyu, ba fiye ba.

Sauran kun sani, da ku aka yi, amma baƙuwa ba ta sani ba. Aka ce kowane gida ya kawo alamarsa a saka a babban masaki a rufe da zane, kuma aka ɗora wa mata tattarawa. Ni na kawo guntun muciyata, Iya ta ba da tsohon zobenta na azurfa, na ɗaure su da zaren saƙa. Ina gamawa sai ga Talatu, wai ai ita ce a ɗaya gefen nawa, in taimaka in ɗaura maɓallin rigar mijinta a jikin muciyata, mu biyu ke nan. Na ɗaura. Ashe ita ma ta riga ta ɗaura da ta bayanta, su ma su biyu. Wadda ke gefen Iya ta zo ta ɗaura a zoben. Ba wadda ta yi niyyar karya doka, kowace da mutum ɗaya ta ƙulla a lokaci guda. Mun manta ne kawai cewa kowane gida gefe biyu gare shi.

Aka taru a kan tudun, ga duwatsun iyaka a jere. Aka ce wa zai ciro? Liman ya ce a ba Iya Gambo, ita ce ba za a ce ta leƙa ba. Lawali ya zo daga Damagaram, yana tsaye a baya da jakar da ya kawo don kayanta. Na kamo hannunta na kai bakin masakin. Malam Isufu ya ce, "Fili na farko, bismilla."

Ta sa hannu ta ciro wani ƙarfen linzami. Ta ɗaga, sai ga ɗan wuri, irin kuɗin da, yana bin sa. Ta ƙara ja, ga maɓalli, ga guntun muciya, ga zobe, ga ƙwallon goriba, ga mariƙin buta. Tana ja suna fitowa, tana ja suna fitowa, har ta miƙe tsaye, har sai da Haruna ya kama mata wancan kan. Unguwarmu ce kaf ta fito daga masakin nan, daga gidan mai unguwa har na ƙarshe a bakin kwari, a jere yadda muke kafin ruwa. Masaki ya koma wayam.

 Malam Isufu ya dubi zaren, ya dube mu, mu kuma kowace ta sunkuyar da kai tana gyara lulluɓi.  Sannan ya tambayi jama'a ko akwai wanda aka zalunta, ko akwai mai son a kwance. Ba wanda ya motsa. Ya cire hula ya share gumi ya ce, "To, ƙuri'a ta fito. Ku shimfiɗa ta."

Aka kama zaren aka miƙe shi a kan yashi, daga dutsen farko. Iya ba ta saki ba. Ta bi shi da yatsu tana taɓa kowace alama tana kiran sunan mai ita, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, har ta zo kan zobenta. Ta koma baya kaɗan ta sake taɓa muciyata. Na ga Lawali ya ajiye jakar a ƙasa ya juya fuska.

Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ina Haruna?"

"Ga ni, Iya."

"In ka zo gina katangar nan, ka kira ni in tsaya. Na ƙara tsufa, ba na iya miƙa hannu sama kamar da. Ka yi kafar ƙasa-ƙasa."